Kuɗin Goro Cikin Rigar Ilimi: Sharhi a kan Ma'aunan Masana Halayyar Jama'a Idan Aka Gwada Su a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin tsokaci a kan wasu bincike-bincike da masana halayyar ɗan Adam cikin jama'a suka gudanar game da yadda wata al'umma take kallon wata, da yadda ƙyama take tsirowa tsakaninsu, da kuma hanyar da suka ce ana bi a magance ta. Za mu ɗauki ra'ayoyin nasu mu shiga da su cikin ganuwar Kano, mu auna su da abin da tarihin birnin da zamansa na yau da kullum suka nuna. Za mu fi daɗewa a kan littafin Robert LeVine na 1966, domin shi ne ya taɓo Bahaushe kai tsaye. Dalilinmu na yin wannan sharhi shi ne, yawancinmu da ke zaune a nan masu horar da malamai ne, kuma duk abin da muka karɓa ba tare da tacewa ba, shi ɗalibanmu za su kwasa su kai wa yara a aji.

2.0 Mene ne Kuɗin Goro?

Idan Bahaushe ya ce an yi wa mutane kuɗin goro, yana nufin an haɗa su an yanke musu hukunci ɗaya, ba a tsaya an dubi kowa da halinsa ba. Wannan magana ita ce muka ga ta fi dacewa da abin da ɗan jaridar nan na Amurka, Walter Lippmann, ya bayyana a 1922, inda ya nuna cewa mutum yakan ajiye surar wata jama'a a zuciyarsa tun kafin ya gamu da ko ɗaya daga cikinsu, sa'an nan ya riƙa ganinsu ta cikin wannan sura.

A 1933 Daniel Katz da Kenneth Braly suka fara ƙoƙarin auna abin. Sun ba ɗalibai 100 na Jami'ar Princeton jerin siffofi 84, suka nemi su zaɓi waɗanda suka dace da kowace daga cikin al'ummu goma. Bakin ɗaliban ya zo ɗaya ƙwarai, har a kan mutanen da da wuya in sun taɓa zama da su. Daga nan Gordon Allport, a littafinsa na 1954 a kan asalin ƙyama, ya kawo ra'ayin cewa cuɗanya tana rage ƙyama, amma bisa sharuɗɗa huɗu: a haɗu a matsayi ɗaya, a sa buri ɗaya a gaba, a yi aiki da taimakon juna, kuma hukuma ko al'ada ta goyi bayan haɗuwar. Waɗannan su ne ginshiƙan da har yau ake koya wa ɗalibanmu. Ba mu zo rushe su ba. Tambayarmu ita ce, wane abu suke kamawa a Kano, wane ne kuma yake kuɓuce musu.

3.0 Littafin LeVine

Sunan littafin Dreams and Deeds, wato Mafarki da Aiki, kuma Jami'ar Shikago ce ta buga shi. LeVine ya ɗora aikinsa a kan ra'ayin David McClelland, wanda ya ce ci gaban tattalin arzikin al'umma yana da nasaba da yawan himmar neman ɗaukaka da ke zukatan mutanenta, kuma ana iya gano wannan himma daga irin labarun da mutum yake ƙagawa. Sai LeVine ya sa samari 'yan makarantun sakandare, Hausawa da Yarabawa da Ibo, su rubuta mafarkin da suka yi, aka auna rubutun da ma'aunin da ya samo asali daga na McClelland. Sakamakon da ya bayar shi ne, samarin Ibo ne a gaba, Yarabawa suna biye, Hausawa ne a ƙarshe. Da aka sa su rubuta yadda yaro yake zama babban mutum kuwa, sai Hausawa suka fi kowa ambaton biyayya da ladabi.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa LeVine bai jingina wannan bambanci ga jini ko halitta ba. Ya jingina shi ga tsarin zaman jama'a na ƙarni na 19. A ganinsa, a ƙasar Hausa mutum yana hawa ne ta hanyar barantaka, ya bi ubangida sau da ƙafa har a naɗa shi sarauta, alhali a ƙasar Ibo sai da dukiyar da mutum ya tara da guminsa yake samun muƙami. Wannan bayani ya fi na Turawan mulki da suka gabace shi mutunci nesa ba kusa ba. To, amma duk da haka muna da ja a wurare uku.

3.1 Su wa aka tambaya?

Samarin Hausawan da aka yi aikin da su ba su kai ɗari ba, kuma dukansu 'yan sakandare ne a farkon shekarun 1960. Duk wanda ya san tarihin boko a Arewa ya san cewa tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, 'ya'yan sarakuna da na malamai da na ma'aikatan En'e su ne kan gaba a shiga. Gidajen fatake da na manyan malaman zaure na cikin birni sun daɗe suna ƙin ba da 'ya'yansu. Ashe ke nan yaron da aka samu a aji, sau da yawa ɗan gidan da ake cin abinci da biyayya ne, yaron da ake reno don fatauci kuwa yana Kurmi yana koyon lissafi a gindin mahaifinsa, ko yana kan hanyar Gwanja. Takwaransa na Kudu kuma ya fito ne daga inda makarantar mishan ta riga ta zama babbar ƙofar arziki ga kowa. An kwatanta abubuwa biyu da ba a tace su da rariya iri ɗaya ba, aka liƙa wa sakamakon sunan ƙabila.

3.2 Mafarki a wurin Bahaushe

Ma'aunin ya ɗauka cewa abin da ke zuciya zai sauka a takarda kamar yadda yake. A wurinmu mafarki yana da ladubba. Yaron da ya tashi a gidan Musulmi an hore shi da cewa mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, kyakkyawa kuwa sai ga masoyi ko malamin da ya san fassara. Daɗin daɗawa, akwai kunya, akwai kuma tsoron baki. Bahaushe ba ya shelar burinsa tun bai kama shi ba, kuma yaron da ya rubuta wa baƙo cewa ya ga kansa ya fi sa'o'insa, a idon tarbiyyarmu ya yi rashin ta ido. Saboda haka rashin ganin buri a takarda yana iya zama shaidar rashin burin, yana kuma iya zama shaidar cewa an iya ɓoye shi. Ma'aunin ba shi da hanyar rarrabe waɗannan biyu.

Haka batun biyayya yake. Wanda ya ce yaro yana zama babban mutum ta hanyar bin na gaba, bai ce yaron ba shi da buri ba. Ɗan kasuwar birni yakan fara ne da yaron kanti, ya yi shekaru yana riƙe amanar ubangida, har a sallame shi da jari. A nan biyayya ita ce tsanin da mai buri yake takawa.

3.3 Wace hanya ce ta ɗaukaka?

Bayanin LeVine game da Hausawa ya dogara ƙwarai a kan aikin M. G. Smith, musamman littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau. Wannan littafi magana yake yi a kan sarauta, don haka ba abin mamaki ba ne a ga barantaka ta cika shi. Amma ƙofofin ɗaukaka a Kano ba ɗaya ba ce. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo birnin a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da ciniki, da yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda asalinsu baƙi ne, wasunsu ma daga ƙasƙantaccen matsayi, suka mamaye fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Asante. Jan Hogendorn kuma ya bayyana a 1978 cewa da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa auduga suke so a noma, amma manoma da fataken Kano suka auna farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga cikin waɗannan fatake Alhassan Ɗantata ya fito, Ba'agale, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, shekara goma sha ɗaya kafin fitowar littafin da muke magana a kai.

Akwai kuma ƙofar ilimi. Almajirin da ya bar gida ya nufi gabas, ya jure yunwa da sanyi har ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, aka kira shi alaramma ko gwani, da me za a kira abin da ya ɗauke shi in ba himma ba? Haka wanda ya taka da ƙafa ta Cadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya don ya sauke farali. Ma'aunin da bai ga waɗannan ba, gajartarsa ya nuna.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce gardamar malamai shi ne shekarar da littafin ya fito. A 1966 ne aka yi juyin mulki biyu, aka kuma zubar da jinin mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har da Kano. A lokacin kowane ɓangare yana riƙe da surar ɗan'uwansa: wannan ya ce wancan malalaci ne mai jiran tsammani, wancan ya ce wannan mai haɗama ne da son mamaye komai. Ba mu ce littafin ya haddasa wani abu ba. Abin da muke cewa shi ne, idan zancen bakin kasuwa ya sami alƙaluma da tambarin jami'a, kankare shi yakan yi wuya, ko da marubucin bai nufi haka ba.

4.0 Cuɗanya: Ayagi da Sabon Gari

Yanzu sai mu koma kan ra'ayin Allport. Thomas Pettigrew da Linda Tropp sun tattara bincike 515 a 2006, suka ce a dunƙule cuɗanya tana tafiya da raguwar ƙyama. Bahaushe ma ya ce gani ya kori ji. Amma shi ne kuma ya ce, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Birnin Kano yana da shaida ga maganganun biyu.

Sunayen unguwanni kaɗai sun isa tarihi: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka sauka, Madabo ta Wangarawa, da Ayagi ta Yarabawa. Jikokin waɗannan baƙi a yau Kanawa ne, ba mai tambayarsu takardar shaida. Baƙo yakan sauka a gidan fatoma wanda zai tsaya masa a ciniki, ya bi sahu ɗaya da mutanen unguwa, ya koyi harshe, a ba shi aure. John Paden ya nuna a 1973 yadda ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka haɗa mutane masu asali daban-daban a zawiya ɗaya. Sharuɗɗan Allport huɗu duk ana iya nuna su a nan, kuma an cika su ƙarnoni kafin a rubuta su.

Sabon Gari kuwa Turawa ne suka kafa ta a wajen ganuwa wajen 1913, don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi daga Kudu, suka kuma yi shekaru suna mulkinta dabam da birni. Bayaraben Ayagi da Bayaraben Sabon Gari tushensu ɗaya, amma na farko ya zama ɗan gari, na biyu ya daɗe ana kiransa baƙo. Wannan ya nuna cewa tsarin saukar baƙo ya fi ƙabilarsa tasiri. Cuɗanyar kasuwa ba ta taɓa yankewa tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari ba, amma ba ta hana rikicin watan Mayu na 1953 ba, wanda bisa ƙididdigar gwamnati ya ci rai 36, ba ta kuma hana na 1966 da na Oktoban 1991 ba.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Birni ya karɓi baƙin da suka yarda suka narke a cikinsa, addini ɗaya, harshe ɗaya, sutura ɗaya. Haɗiye baƙo daban, haƙuri da wanda ya zaɓi ya zauna da bambancinsa daban, kuma tarihin Ayagi bai ba mu amsar tambaya ta biyu ba. Maguzawa Hausawa ne tsantsa, amma kalmar arne ta raba mu da su. Harshenmu yana kiran gurɓatacciyar Hausa gwaranci, yana kiran rashin wayewa ƙauyanci. Mu da muke jin zafi idan an kira kowane ɗan Arewa aboki ko Gambari a Kudu, ya kamata mu tambayi wanda muke kira Inyamuri yadda yake ji.

A nan ne binciken da Alexandra Scacco da Shana Warren suka buga a 2018 yake da amfani gare mu, domin a Kaduna aka yi shi. Sun koya wa samari Musulmi da Kirista aikin kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a aji na addini ɗaya, kuma ƙuri'a ce ta raba su. A ƙarshe ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin ware yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Da masu binciken suka duba sosai, sai suka ga cewa 'yan ajin ware ne wariyarsu ta ƙaru fiye da ta waɗanda ba su shiga horon ba sam. Darasin da ke nan ga mai tsara makaranta a fili yake: ko gauraya ɗalibai ba ta wanke zuciya ba, ware su yana ƙara mata datti.

5.0 Abin da Takardar Tambayoyi Ba Ta Ji

Ja na ƙarshe da muke da shi ya shafi hanyar Katz da Braly, wadda ɗalibanmu suke kwafa a ayyukansu na kammala karatu. A ce an ba Bakano jerin siffofi an ce ya siffanta Bazazzagi, ko an ba Bafillace an ce ya siffanta Babarbare. Abin da zai fito, mai lissafi zai rubuta shi a matsayin ƙiyayya mai tsanani, don kowannensu cewa zai yi ɗayan bawansa ne. Alhali wannan wasan taubasai ne, irin wanda ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa. A. R. Radcliffe-Brown ya yi bayanin irin wannan dangantaka a 1940, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Jamhuriyar Nijar cikin al'adun da duniya ta gada. A cikin wannan wasa ana fito da kuɗin goro fili a yi masa dariya, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya.

Ƙyamar gaske kuwa ba ta cika magana ba. Wani ɗalibinmu ya taɓa zagaya wasu zaurukan birni da takardar tambayoyi, ya dawo yana murna cewa dattawan da ya tambaya ba su ƙyamar kowa, don kowace ƙabila ya ambata sai su ce mutanen kirki ne. Da muka ce ya koma ya tambaye su ko za su ba ɗan mahauci ko ɗan maroƙi auren 'yarsu, amsar da ya fi samu ita ce, aure nufin Allah ne. Duk wanda ya san Hausa ya san abin da aka gaya masa, amma takardarsa ba ta da gurbin rubuta shi. Richard LaPiere ya gamu da kishiyar wannan a Amurka. Ya zagaya masaukai da gidajen abinci kimanin 250 tare da wani Basine da matarsa, wuri ɗaya tak aka ƙi karɓarsu, amma da ya aika da wasiƙa daga baya, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce ba sa karɓar Sinawa. Ya buga wannan a 1934. Can baki ya ƙi, hannu ya karɓa. A nan sau da yawa baki yakan karɓa saboda kara, sai an zo binciken asali a ga inda aka tsaya. Wannan kuma ya nuna cewa layin da ya fi kaifi a cikin birni ba lalle ne ya zama na ƙabila ba. Sana'ar gado da asali da bambancin birni da ƙauye suna nan, kuma takardar da aka tsara don baƙi da farare a Amurka ba ta san da su ba.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa littafin LeVine ya yi daidai da ya nemi dalili a tsarin zaman jama'a, amma ya auna Hausawa da samarin da ba su wakilce su ba, da ma'aunin da bai san kunya ba, da tarihin fada wanda ya bar kasuwa da tsangaya a baya. Mun ga ra'ayin Allport yana da gindin zama a Ayagi, yana kuma da iyaka a Sabon Gari. Mun kuma ga cewa takardar tambayoyi tana iya ɗaukar wasa a matsayin gaba, ta ɗauki kara a matsayin ƙauna.

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai uku ce. Kada mu karɓi aikin ɗalibi da ya fassara tambayoyin wata ƙasa bai fara zama da mutanen unguwa ya ji kalmomin da su kansu suke rarrabe mutane da su ba. Mu riƙa auna aiki tare da magana, wato wa ake ba haya, wa ake ba bashi, wa ake ba aure. Sa'an nan a azuzuwanmu mu daina barin ɗalibai suna rarrabuwa bisa gari da addini idan an ba su aikin haɗin gwiwa. Farken goro da kansa ba ya amincewa da huhu bai kwance shi ba. Sai ya juya ɗaya-ɗaya, ya ware marsa da minu, ya fitar da mai sankara, sa'an nan ya faɗi kuɗi. Abin da muke nema daga mai bincike ke nan. Muna fatan masana da ke wannan zaure za su gyara mana inda muka yi tuntuɓe. Allah ya sa mu dace.